Allo na biyu: aiki ko ado?

A da, idan kana son sanin matsayin ma'aikaci a ofis, kujerarsa za ka duba ka ga ko mai juyawa ce, sannan ka leƙa kusurwa ko akwai ɗan firji. Yanzu an samu ƙarin ma'auni. Ka shiga ofisoshin bankuna, ko na ƙungiyoyin agaji a Abuja da Maiduguri, ko ɗakin matashin da ke cinikin kuɗin kirifto a Kano, za ka tarar da allunan kwamfuta biyu jere a kan tebur, wani ma uku, mai su ya ɓuya a baya sai ka yi sallama sau biyu kafin ka hango hularsa. A wurare da yawa kuma, idan aka sayo sababbin alluna, daga sama ake fara rabo. Darakta ya samu biyu, mataimakinsa biyu, alhali yawancin aikin darakta sa hannu ne da amsa waya da zaman taro. Akawun da ke can ƙasa, wanda ke wuni yana kwashe lambobi daga wannan takarda zuwa waccan, shi aka bari da tsohon allo mai inci 15 da wani layi kore ya ratsa ta tsakiya.

Wannan rabo a kife yake, kuma ya kife ne saboda ba mu tsaya mun tambayi abin da allo na biyu yake yi ba. A ganina aikinsa guda ne tak: ya riƙe maka abin da kake dubawa yayin da hannunka ke aiki a kan wani. Wanda aikinsa ke da wannan siffa, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba da jimawa ba. Wanda nasa ba haka yake ba, da kuɗinsa ya buɗe wa shirme ƙofa.

Ɗauki malamin da aka ɗora wa haɗa sakamakon jarrabawa a makarantar sakandare. Zango ya ƙare, malamai sun turo maki. Wani ya turo a Excel, wani ya ɗauki hoton takardarsa da waya ya turo, rubutun da ƙyar ake karanta shi. Shi kuma zai zuba su duka cikin babban jadawali guda. Ga yadda yake yi da allo ɗaya: ya buɗe hoton, ya lalubo layi na goma sha bakwai, ya karanta 47, ya riƙe a ka, ya danna Alt da Tab, jadawali ya fito ya rufe hoton, ya nemo layin ɗalibin, ya rubuta. Ya sake dannawa, hoton ya dawo, ido ya koma neman inda ya tsaya. Ɗalibai ɗaruruwa, kowane da darussa kusan goma. Ana cikin haka wani yaro ya leƙo ya ce, "Malam, ana kiranka a ofishin firinsifal." Kafin ya dawo 47 ta zama 74, ko makin wani ya sauka a layin na ƙasa da shi, kuma ba za a gane ba sai ranar da uban yaro ya shigo da takardar sakamako a hannu yana huci.

Daƙiƙar da ake ɓatawa wajen danna maɓalli ba ita ce babbar asara ba. Asarar tana cikin kai. Duk lokacin da taga ta rufe taga, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki abin da ido ya gani ta tsallaka da shi, kuma abin da take iya riƙewa na ɗan lokaci kaɗan ne ƙwarai, ga shi kuma da saurin zubewa. Idan hoton na buɗe a hagu, jadawali na gaba, ido ne kawai ke kai da komo, ba abin da ake haddacewa. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu a Kano da Katsina da Sakkwato sun san haka tun kafin a san lantarki: littafin da ake kwafa yana buɗe a gefe, farar takarda tana kan cinya, ba wanda ke rufe ɗaya kafin ya dubi ɗaya.

Duk sana'ar da allo biyu ya zauna mata daram, idan ka duba, wannan siffar ce. Editan fim a Zoo Road ta Kano yana jera gutsattsarin hoto da sauti a allo ɗaya, ɗayan kuma ya bar wa fim ɗin shi kaɗai ya cika fuska, domin a ƙaramar taga ba zai ga makirufo ya leƙo daga sama ba, ko inuwar mai riƙe da fitila a jikin bango. Mai rubuta fassarar Turanci a ƙasan finafinanmu, wanda Allah Ya sani yana buƙatar duk taimakon da zai samu, yana son hoto a gefe, rubutu a gefe. Mai fassarar labarai, da mai zanen gini, da mai rubuta manhaja yana duba yadda take fitowa, da likitan da ke kwatanta hoton ƙirjin mara lafiya na bara da na bana, duk aiki ɗaya suke yi mai fuska biyu.

Fasahar kanta ta tsufa. Macintosh II na kamfanin Apple, wadda ta fito a 1987, tana ɗaukar allo fiye da ɗaya idan an ƙara mata katin hoto. Microsoft ya shigo da abin cikin Windows 98, har allo tara. 'Yan kasuwar hannun jari a New York da Landan sun daɗe da zama gaban na'urar Bloomberg mai alluna biyu, kuma daga hotunansu ne, ina jin, abin ya samu kwarjinin da matasanmu ke kwaikwayo. A 2006 Bill Gates ya bayyana wa mujallar Fortune yadda teburinsa yake: alluna uku, na hagu jerin saƙonnin imel, na tsakiya saƙon da yake karantawa yana amsawa, na dama shafin intanet. Masu talla suna son wannan labari. Abin da ba sa tsayawa a kai shi ne, biyu daga cikin ukun nan abu guda suke wa hidima, na ukun kuma wurin duba abin da ya taso ne.

Tun da an ambaci masu talla, bari mu taɓa alƙaluman da suke yawo da su. Za ka ji an ce bincike ya tabbatar allo biyu na ƙara yawan aiki da kashi 42 cikin ɗari. Wannan lamba daga kamfanin Jon Peddie Research ta fito, mai nazarin kasuwar kayan hoton kwamfuta, kuma tambayar masu amfani da allunan aka yi yadda suke ganin aikinsu ya ƙaru. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi abu, da wuya ka tambaye shi ya ce asara ya yi. Akwai kuma binciken Jami'ar Utah ta Amurka na 2003, wanda ya fi wancan ƙarfi domin an zaunar da mutane an auna su suna aiki, aka ga masu allo fiye da ɗaya sun fi sauri da ƙarancin kuskure. Sai dai kamfanonin NEC-Mitsubishi da ATI ne suka ɗauki nauyinsa, ɗaya mai sayar da allo, ɗaya mai sayar da katin hoto. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma dubi irin aikin da aka ba mutanen: gyaran rubutu da jadawali da makamantansu, inda ake duba wata takarda ana gyara wata. Aikin malaminmu mai haɗa sakamako ke nan sak. An auna allo biyu a inda ya fi ƙwarewa, aka samu abin da ake tsammani, sannan 'yan kasuwa suka shimfiɗa sakamakon a kan kowa da kowa. A 2003 ɗin dai, masu bincike a Microsoft ƙarƙashin Mary Czerwinski sun gwada wani babban allo mai faɗi, ribar da suka samu wajen kashi 9 ce. Wannan ta fi kama da gaskiyar rayuwa.

Abin da irin waɗannan gwaje-gwaje ba sa aunawa shi ne abin da mutum ke ɗorawa a allo na biyu idan ba mai kallonsa. Ni dai na leƙa tebura da dama, kuma abin da na fi gani shi ne WhatsApp a buɗe, ko Facebook, ko YouTube ana ta muhawarar siyasa an rage murya, ko jadawalin farashin kirifto yana hawa da sauka. Gefen idon ɗan Adam an halicce shi da saurin kama motsi. Saƙo ya shigo, ɗan koren ɗigo ya bayyana, kai ya juya kafin mai kan ya yanke shawara. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa a kan abu guda a kwamfuta kafin ya koma wani. A 2004 minti biyu da rabi ne. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A 'yan shekarun nan ya koma wajen daƙiƙa 47. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yana maƙale a na farkon, musamman idan bai kammala shi ba. Wato bayan ka karanta saƙon ƙaninka na neman kuɗin makaranta ka dawo kan rahoton da kake rubutawa, jikinka ne ya dawo, hankalin yana can yana lissafi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma faɗin tebur ba ya canza wannan.

Za a ce ai laifin mutum ne, ba na allo ba. Wanda zai shagala, ko da allo ɗaya zai shagala. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Da allo ɗaya, kafin ka ga WhatsApp sai ka rufe aikinka da hannunka, kuma wannan ɗan matakin yana da kunya a cikinsa, ka san ka bar aiki. Da allo biyu ba ka bar komai ba, rahoton yana nan a gabanka, kana iya rantsuwa aiki kake yi. Sannan kada mu manta yawancinmu muna da allo na biyu tuntuni: wayar da ke jingine a jikin kofin shayi. Wanda ya ƙara monita don saƙonni, na uku ya ƙara.

Shi ya sa ga mai aikin da daga kansa yake fitowa, marubuci ko lauyan da ke tsara hujja ko ɗalibin da ke rubuta babin ƙarshe na kundinsa bayan ya gama karatu, ba na ganin allo na biyu a matsayin taimako. George R. R. Martin, wanda aka ɗauko shirin Game of Thrones daga littattafansa, ya faɗa a bainar jama'a cewa a tsohuwar kwamfuta mai DOS yake rubutu, da manhajar WordStar, ba ta ma haɗe da intanet. Masu jiran littafinsa na gaba za su ce hakan bai sa shi sauri ba, kuma suna da hujja. Duk da haka dubban shafuka sun fito daga wannan akwati.

Kafin ma a kai ga saye, akwai abin da mutane da yawa ba su gwada ba. Tun daga Windows 7, idan ka riƙe maɓallin Windows ka danna kibiyar hagu, tagar da kake ciki za ta kama rabin allo, ka yi wa ɗayar haka da kibiyar dama. A allo mai inci 24, takardu biyu na zama gefe da gefe a karanta su lafiya. Wanda ya yi mako yana haka ya ga har yanzu wurin ya yi masa kaɗan, to shi ne mai buƙatar gaske. Wani kuma ba fili ne matsalarsa ba, kwamfutar ce ke jan ƙafa, sai ya bar jaki yana dukan taiki. Kuɗin monita, da ya sa su a faifan SSD da ƙarin RAM, da ya ga canjin da allo goma ba za su ba shi ba.

A wajen saye ne kuma ake yi wa rogo kallon kitse. Mutum ya ga talabijin mai inci 32 ya fi monita girma, wani lokaci ma ya fi araha, sai ya ɗauko ya haɗa. Girman gilashi daban, yawan ɗigon hoto daban. Ƙananan talabijin da yawa ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye gare su, wato kaɗan ya haura miliyan ɗaya. Monita mai inci 24 na yau da kullum yana da 1920 da 1080, sama da miliyan biyu. Ke nan babban talabijin ɗin rabin abin da ƙaramin monita ke nunawa zai nuna maka, haruffa manya amma dishi-dishi. Ga kallon ƙwallo daga kujera ya yi, ga karanta lambobi daga nisan hannu ido ne zai biya.

Sai wuta, wadda waɗanda suka yi binciken Utah ba su da dalilin sa ta a lissafi. Monita mai inci 24 irin na yanzu yana cin wat 20 zuwa 30. Mu ɗauki 25, awa goma a rana, kwana 26 a wata: yunit shida da rabi ke nan. Ko a farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 1,500 a wata ba. Don haka ba a takardar kuɗin wuta ciwon yake ba. Yana wajen mai inbata. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da abin da ya kai yunit ɗaya da ɗigo biyu, kuma idan irin na dalma ne, rabin kawai ya kamata a sha idan ana son ya yi ƙarko. Ƙaramar kwamfutar tebur da allo ɗaya, a ce suna cin wat 75, za su kai awa takwas a takarda. Ƙara allo na biyu, su koma awa shida. Ga mai shagon buga takardu a bakin jami'a, awa biyun nan su ne tsakanin sallamar kwastoma na ƙarshe da tayar da janareta, kuma kowa ya san abin da litar fetur ta zama tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Maganin mai sauƙi ne, allo yana da maɓallin kashewa. A kunna shi lokacin kwafe lambobi, a kashe idan an gama. Tsofaffin alluna na gwanjo masu kauri, waɗanda ke ɗumi idan ka taɓa bayansu, sun fi na yanzu ci, a sa wannan a ciniki.

Wuya ma tana da nata haƙƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera alluna biyu daidai wa daida, mahaɗarsu ta zo saitin hanci, alhali ɗaya ne ake aiki a kansa yawancin wuni. Sai mutum ya wuni kansa a karkace, da dare yana neman man zafi. Babban allo ya zauna gaba sak, nisan miƙa hannu, bakinsa na sama daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Na biyun ya matso kusa da shi a gefe, a ɗan karkato shi ciki. Idan gajere ne, rim ɗin takarda ɗaya a ƙarƙashinsa ya wadatar. Haskensu ya zo ɗaya, kada ido ya riƙa fita daga rana yana shiga inuwa. Mai yawan karanta takardu kuma ya gwada tsayar da na biyun a tsaye, ya juya hoton a saitin Windows. Shafi guda zai fito cikakke daga sama har ƙasa.

Wanda ya auna duk wannan ya ga yana buƙata, kafin ya tafi kasuwar kwamfuta irin Beirut Road ko Banex ko Computer Village, ya zagaya bayan kwamfutarsa ya ɗauki hoton kafofin da ke wurin. Ƙananan Dell OptiPlex da HP EliteDesk na hannu da suka cika ofisoshinmu, da yawansu suna da kafar VGA, mai shuɗi mai ramuka 15, da kuma DisplayPort ɗaya ko biyu. Ke nan sun isa ɗaukar allo biyu ba tare da an sayi katin hoto ba. DisplayPort tana kama da HDMI a ido, amma kusurwa ɗaya ce kawai aka yanke mata, kuma wayar HDMI ba ta shiga cikinta, kada a tura da ƙarfi. 'Yar adaftar da ke haɗa su hanya ɗaya take bi, daga DisplayPort ta kwamfuta zuwa HDMI ta allo. Idan aka juya ba za ta yi ba. Idan kuma kwamfutar tana da katin hoto na daban, a kafofinsa za a sa wayoyin, domin a injuna da yawa na jikin uwar kwamfutar suna daina aiki da zarar an sa kati.

Akwai wata waya mai kai ɗaya da reshe biyu da mai shago zai iya miƙo maka ya ce, "Yallaɓai, wannan ta gama maka komai." Ba ta gama ba. Hoto guda take rabawa gida biyu, abin da ke wannan allo shi ne a wancan, ta yi wa mai koyarwa a aji ko mai nuna wa kwastoma zane, amma ba ta ƙara fili ko taƙi ɗaya. Kowane allo yana son wayarsa daga tasa kafar. Kafin kuɗi su bar aljihu, a haɗa duka biyun a shagon, a riƙe maɓallin Windows a danna P, a zaɓi inda aka rubuta Extend, sannan a ja taga da maus daga wannan allo a ga ta tsallaka zuwa wancan. A buɗe farin shafi ya cika fuska, sannan baƙi, don mataccen ɗigo da tabon matsi ba sa ɓuya a nan. Idan mai shago ya ce babu wuta, a jira ya tayar da inji.